Wa zai koya wa Auta rawa?

1. Rawa cikin salula

Ni mutuniyar Kalfu ce, a ƙasar Adar. Na yi shekara 30 ina koyar da yara a lakkwal, yanzu na huta. Allah ya ba ni jikoki da yawa. Ƙaramarsu muke kira Auta. Ni kuwa "kishiya" nake ce mata, kamar yadda kowace kaka take tsokanar jikarta.

Yara, yau labarin wani kuskure nawa zan ba ku. Kada ku yi mamaki. Mai furfura ma yana kuskure.

Uban Auta ɗana ne. Yana biɗa a Abijan, kamar samarin Adar da yawa. Sai damina ta kusa yake zuwa gida. A shekarar 2024 ya zo da sabuwar salula. Wata rana da dare yara suka kewaye shi, ya nuna musu wani ɗan gajeren fim. Wani yaro ne na birnin Legas, sunansa Anthony Madu. An ɗauki fim ɗin a 2020, yana da shekara 11. Ana ruwan sama, ba takalmi a ƙafarsa. Yana juyi kamar mazari, yana tsalle kamar barewa. Mutane da yawa a duniya sun ga wannan fim. Daga baya yaron ya sami shiga wata makarantar rawa a Ingila.

A lokacin shekarar Auta 6. Ta ƙura wa salula ido, ko ƙiftawa ba ta yi. In fim ya ƙare sai ta ce: "Sake, Baba! Sake!" Haka aka yi ta yi har batir ya mutu.

Tun daga ranar Auta ba ta sake tafiya irin ta mutane ba. In an aike ta, a kan yatsun ƙafa take zuwa. In an ba ta ƙwarya, sai ta ɗaga ta sama, ta yi juyi har jiri ya kwashe ta. Ƙwarya biyu ta fasa mini.

Ubanta ya yi ta dariya. Rannan ya ƙirgo jikka 20 ya ba ni, ya ce:

"Inna, in akwai inda ake koyar da wagga rawa a Tawa, ki kai ta."

Yayansa ya ji, ya ɓata rai, ya ce:

"Rawa? Ɗiyar gidanmu?"

Na ce: "Ka manta wadda ta haife ka ta taka rawa a gaban manyan ƙasa?"

Ya yi shiru. Can ya ce: "To, Inna, na ji. Amma kada ta kai dare a waje. Kada kuma rawa ta taɓa makarantar allo ko lakkwal."

Na ce masa ya faɗi gaskiya. Na yi alkawari.

2. Bale iri biyu

Rawar da yaron Legas yake yi sunanta bale. Ta fara a fadojin sarakunan Italiya, yau fiye da shekara 500. Daga can ta shiga Faransa. Sarki Luwi na 14 da kansa yakan taka ta. A 1661 ya kafa majalisar malaman rawa a birnin Paris. Rawa ce mai dokoki. Akwai tsayuwa iri 5 ta ƙafa, kowane ɗalibi da su yake farawa. Ƴan mata da suka ƙware suna sa wani takalmi mai taurin baki, su tsaya cak a kan tsinin yatsu.

Amma kalmar "bale" ba baƙuwa ba ce a kunnena. A 1952 wani mutumin Gine, Keita Fodeba, ya kafa ƙungiyar rawa ta ƴan Afirka. Suka zagaya duniya da gangunansu, su ma suna kiran wasansu bale. Saboda haka a ƙasashenmu, in an ce bale, ana nufin rawar ƙungiya wadda take ba da labari.

A nan Nijar, da Seyni Kunce ya hau mulki a 1974, ya ƙarfafa samariya. Kowane gari da sarkin samarinsa. Ana shirya bukin matasa na ƙasa, kowace jiha ta aiko da ƴan wasanta. Ana gasar waƙa, da wasan kwaikwayo, da bale. A 1981 ina da shekara 12, ina cikin ƴan rawar garinmu. Labarin gero muka yi: shuka, da noma, da girbi, da sussuka, da daka. Da taɓarya da ƙwarya muke rawar. Aka kwashe mu a kamyo zuwa Tawa. Ni ce a gaban layi. Har yau in na tuna tafin da aka yi mana, sai in ji daɗi.

Don haka na ɗauka na san kome game da rawa. Wannan shi ne mafarin kuskurena.

3. Malami na farko

Daga Kalfu zuwa Tawa ba nisa a mota. Ina da ɗiya da take aure can, ita ce goggon Auta. Da aka ba da babban hutu, na ɗauki Auta muka tafi.

Kwana biyu da zuwanmu aka yi wani buki a unguwa. Wata ƙungiyar ƴan rawa ta zo. Kayansu iri ɗaya, sai walƙiya suke yi. Akwai wata yarinya a gaban layi, in ta yi juyi sai fili ya ɗauki guɗa. Mutane suka yi ta liƙa mata kuɗi. Na dube ta, na tuna kaina a 1981. Na ce a raina: "Wanda ya koya wa wagga yarinya, shi zai koya wa Auta."

Na sami shugaban ƙungiyar. Na tambaye shi ko ya san rawar tsinin yatsu. Ya ce ba rawar da bai iya ba. Ya ce cikin wata ɗaya Auta za ta tsaya kamar ta cikin salula. Na biya jikka 5. Ban tambayi inda suke koyo ba. Ban tambayi ƙarfe nawa suke tashi ba. Ban zauna na ga darasi ko ɗaya ba. Kashegari na koma Kalfu, don an yi ruwan shuka.

Bayan sati biyu na dawo, ranar Lahadi, ranar kasuwar Tawa. Dā in Auta ta hango ni, da gudu take zuwa ta faɗa jikina. Ran nan tana zaune bakin ɗaki, ba ta tashi ba.

Na ce: "Kishiya, ba oyoyo? Tashi ki nuna mini abin da kika koya."

Ta sunkuyar da kai, ta ce: "Kaka, ni ba ni son rawa."

Na kama ƙafarta na duba. Babban yatsa ya kumbura, farce ya yi baƙi. Gabana ya faɗi.

Kashegari da la'asar na tafi wurin koyon ni kaɗai. Ban yi sallama da ƙarfi ba, na raɓe jikin bango. Ga abin da idona ya gani.

Daɓen siminti ne, ba inuwa. Yara sun kai 40, manya da ƙanana a haɗe. Ba randa, ba tulu. Malamin yana riƙe da tsumagiya. Ƴan gaban layi su yake kallo, su yake yabo. Ƙananan suna can baya, ba su ganin kome sai bayan manya. Wata ƴar yarinya ta ɓata taku. Ya kira ta tsakiyar fili, ya kwaikwayi tafiyarta, ya ce agwagwa ce. Yara suka bushe da dariya. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta koma baya, ta tsaya kamar icce. Aka kira magariba, ba su tashi ba.

Ina tsaye nan sai wani abu ya faɗo mini, abin da na yi shekara 43 ban tuna ba. A ƙungiyarmu ta samariya ma akwai wata yarinya a bayan layi. Kullum taɓaryarta takan sauka bayan ta kowa. Rannan ta yi tuntuɓe ta faɗi, aka yi mata dariya. Ba ta sake zuwa dandali ba. Yara, ni ce na fara dariyar.

Na gane inda na yi kuskure. Na zaɓi malami don na ga ta gaban layi. Amma ta gaban layi, ko a hannun wa take, za ta iya. Jikata kuwa ƴar shekara 6 ce. Wurinta bayan layi ne.

4. Abin da likita ya gaya mini

Na kai Auta wurin wani tsohon ɗalibina, yanzu likita ne. Ya wanke yatsan, ya ɗaure. Sa'an nan ya ce:

"Malama, dā ke kike yi mini darasi. Yau bari in rama."

Ya ce a kowace ƙafa ta babban mutum akwai ƙashi 26. A ƙafar ƙaramin yaro kuwa ƙasusuwan ba su gama ƙwari ba, wani sashe nasu guringuntsi ne. In an ɗora nauyin jiki duka a kan tsinin yatsu, suna iya lanƙwashewa ko su ji ciwo mai daɗewa. Shi ya sa a makarantun bale na ƙwarai ba a ba yarinya takalmin tsini sai ta kai wajen shekara 11 ko 12. Ko a lokacin ma, sai ta yi shekaru tana ƙarfafa ƙafa da baya. Ya ce tsalle a kan siminti yana cin gwiwa da idon sawu. Can inda ake da hali, daɓen katako suke yi, mai ɗan lotsawa. Mu nan, rairayi ya fi mana.

Na ce: "Ai yaron Legas a kan siminti ya yi tasa."

Ya ce: "Fim ɗin ko minti ɗaya bai cika ba, Malama. Kuma shi ba ɗan shekara 6 ba ne."

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne. Amma tanƙwarawa suka ce, ba karyawa ba.

5. Na sake nema

Na yi niyyar mayar wa ɗana sauran kuɗinsa. Amma in na dubi Auta tana tafiya shiru, ba juyi, ba tsalle, sai in ji kamar na sace mata wani abu. Na ce sai na mayar mata da shi.

Wannan karo ban yi gaggawa ba. Na je ƙofar gidan al'adu na Albarka Cibau, inda matasa masu son wasanni suke taruwa. Na tambaye su masu koyar da yara a unguwanni. Na tambayi mata a gidajen suna. Duk inda aka kwatanta mini, sai in je in zauna tun daga farkon darasi har ƙarshe. Gani ya kori ji.

Ga abin da nake dubawa. Ina duba ƙasa, rairayi ce ko siminti. Ina duba ko akwai inuwa da ruwan sha. Ina ƙirga yara, in ga ko an raba manya da ƙanana. Ina duba hannun malami, mene ne a ciki. Ina tambaya ko uwa tana iya zama ta kalla. Wanda ya ce a'a, ba na komawa. Bayan duk wannan, sai in nemi yaro mafi ƙanƙanta, ko wanda ya fi kowa ɓata taku. Shi nake zuba wa ido. In ya yi kuskure, ina yake kallo? In malami yake kallo, ya saba samun taimako. In ƙasa yake kallo, ya saba shan kunya.

Wuri biyu na gani, ban gamsu ba. Na uku wani gida ne mai faɗin tsakar gida. An zuba rairayi a ƙarƙashin dogon yaro. Ga randa a gefe da moɗa a kai. Iyaye mata uku suna zaune a tabarma, ɗaya tana tsinke zogale. Yara 12 ne, duk ƴan mata, ba wadda ta wuce shekara 9. Mai koyarwar dattijuwa ce, kusan tsarata. Ita ma ta yi rawar samariya. Ba kome a hannunta. Wani tsoho yana zaune da kalangu.

Da gaɗa suka fara. Tafi, taku, tafi, taku. Sa'an nan ta ɗora wa kowace yarinya faifai a ka, su yi tafiya kada ya faɗi. Sa'an nan mai kalangu ya yi ta canza kiɗa, su kuma su canza taku. Babu gaban layi, babu baya. Da'ira suka yi, kowa yana ganin kowa.

Wata ƴar mitsitsiya ta yi juyi, ta zube. Na riƙe numfashina. Dattijuwar ta ce:

"Ƙasa ta gaishe ki, kin amsa. Tashi mu sake, ni da ke."

Ta kama hannunta, suka yi juyin tare, sannu sannu. Yarinyar tana dariya, rairayi a goshinta. Awa ba ta cika ba aka tashi, tun rana tana sama.

Na gaida dattijuwar. Na gaya mata labarin salula da na tsinin yatsu. Ta ce:

"Ƴar'uwa, ni ban iya rawar Turawa ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Abin da na iya shi ne in koya wa yarinya jin kiɗa, da tsayuwa sosai, da rashin tsoron idon mutane. In ta samu waɗannan, duk rawar da ta tarar gaba ba za ta gagare ta ba."

Na ce: "Nawa ake biya?"

Ta ce: "Ki bari tukuna. Ki kawo ta ta zauna ta gani. In ƙafarta ta so, za ta gaya mana."

Na tuna abin da na taɓa karantawa. A Senegal akwai wata shahararriyar mai rawa, Germaine Acogny. A 1977 shugaba Sangor ya sa aka buɗe makarantar rawa a Dakar, ita ce ta shugabance ta. Daga baya ta kafa tata a bakin teku, a garin Tubab Jalaw. Ta sa mata suna Makarantar Rairayi. Masu rawa daga ƙasashe da yawa suna zuwa can koyo, kuma a kan rairayi ake yin wasu darussan. Ashe abin da nake nema a nesa yana tsakar gidan nan.

6. Ƙafa ta yi magana

Na kawo Auta. Ranar farko ta ɓoye a bayana. Ta biyu ta zauna a tabarma. Ta uku na ga yatsunta suna motsi cikin rairayi, suna bin kalangu. Ban ce kome ba. Ta huɗu ta cire takalmi da kanta, ta shiga da'ira. Ba wanda ya yi guɗa. Yara biyu suka matsa, suka ba ta wuri.

Sau biyu a sati take zuwa, har hutu ya ƙare. Ba ta taɓa kai magariba a waje ba, ba ta fasa makarantar allo ba. Da aka koma lakkwal muka dawo Kalfu. Yanzu da farin wata ƙawayenta sukan zo tsakar gidanmu. Ni nake yi musu tafi. Da'ira nake sa su yi.

Ubanta in ya bugo waya daga Abijan yakan ce ya ga takalmin nan a kanti, ko ya sayo? Ni kuwa in ce ya bari sai ta kai 12. In har lokacin tana so, sai mu nemi wanda ya san rawar da gaske, ko a wane gari yake. Sannu ba ta hana zuwa.

Saura abu guda. Yarinyar nan ta bayan layi, ta 1981, tana nan da rai. Tana aure a wani ƙauye kusa da mu, ita ma da jikokinta. Bayan girbi na ɗauki goro na tafi. Muka gaisa, na roƙe ta gafara. Ta yi dariya, ta ce:

"Haba, Malama! Wane tsohon zance ne wannan? Ni na manta."

Muka sha fura, muka yi hira. Da ta rako ni bakin hanya, sai ta ce:

"Shuɗin zane ne a jikinki rannan, mai zanen tsuntsu."

Gaskiyarta. Shuɗi ne.

Ku ma, yara, a ajinku akwai wanda yake ɓata taku. Wataƙila a karatu, wataƙila a lissafi, wataƙila a filin wasa. Gobe in ya yi kuskure, ku dubi inda yake kallo.

Ma'anar kalmomi

biɗa: tafiya wata ƙasa neman kuɗi.
jikka: takardar kuɗi ta dala 200.
mazari: ɗan sandan da ake kaɗi da shi.
tsumagiya: siririyar sanda ta duka.
guringuntsi: abu mai taushi kamar na kunne, wanda bai kai ƙashi tauri ba.

Tambayoyi

1. Me Auta ta gani a salular ubanta?
2. Kalmar "bale" tana da ma'ana biyu. Ku faɗe su.
3. Don me kaka ta zaɓi malami na farko? Wane kuskure ta yi?
4. Don me ba a son ƙaramar yarinya ta tsaya a kan tsinin yatsu?
5. Mene ne bambancin layi da da'ira wajen koyo?
6. Matar nan ta ce ta manta. Kuna jin ta manta? Me ya nuna?
7. Ku tambayi kakanninku wace rawa suka yi a dandali. Ku rubuta jimla 5 a kanta.